Yadda nake koyar da yara wasan takobi da kyamarar waya da gilashin kwamfuta

Yaron da ke koyon wasan takobi na zamani ba ya ganin kansa, kuma komai nasa cikin ƙiftawar ido yake faruwa. Ka ce masa, "Hannu ne gaba, ƙafa ta biyo baya," ya ce, "To, Malam," ya koma ya jefa ƙafa kafin hannu, kuma har ga Allah yana ganin abin da ka ce shi ya yi. Kada ka ɗauka taurin kai ne. Dogon takun da ake kai suka da shi bai cika daƙiƙa ɗaya ba, jikin yaron kuma bai saba ba balle ya gaya masa gaskiyar abin da ya aikata. Kai ma da kake tsaye a gefe, wani abin ka kama, wani ya wuce ka.

Ni malamin wasanni ne a wata sakandare tsakanin Ringim da Taura. A kudu na koyi wasan lokacin bautar ƙasa, na dawo da 'yan hulunan raga na hannu, da takubban roba na koyo, da 'yan kaɗan na ƙarfe irin wanda ake kira efe. Na'urar da ke kunna fitila idan an taɓa mutum ba mu da ita, zaure mai daɓen katako ma haka. Waya muke da ita, a kanta kuma zan fi tsayawa don ita ta fi yi mini aiki. Gilashin nan da ake rufe ido da shi a shiga duniyar kwamfuta zan zo kansa daga baya. Yana da amfani, amma masu tallarsa sun zuzuta shi fiye da kima.

Kafin waya, kafin gilashi, hula. A 1982, a gasar duniya da aka yi a birnin Rum, takobin abokin karawa ya karye ya huda ragar hular Vladimir Smirnov, zakaran Olamfik na 1980, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Daga nan aka tsananta ƙa'idar ƙarfen takobi da ta hula da ta riga. Idan Allah ya hore muku kuɗin da zai sayi gilashi alhali hulunanku ba su isa ba, hula za ku saya. Yara biyu ba sa fuskantar juna da komai a hannu, ko da karan dawa ne, sai kowa ya rufe fuska.

Shirya fage da waya

Fagen wasan tsawonsa mita 14 ne, faɗinsa mita 1.5 zuwa 2. Layukan da 'yan wasa ke tsayawa kafin a fara suna mita 2 daga tsakiya ta kowane ɓangare, wato mita 4 ke tsakaninsu. Mu da toka muke shata namu a gefen ajujuwa inda ƙasa ta yi tauri. Amma toka tana gogewa da zarar an fara taku, don haka sai na sa yara suka tara murafen lemo, muka buga su a ƙasa har suka yi daidai da ita, ɗaya a kowane rabin mita, a bisa layin tsakiya inda ƙafa ke taka. A tsakiya nake so, domin alamar da ke bakin fage kusa da kyamara tana yaudarar ido, ta nuna taku ya fi yadda yake gajarta. Da waɗannan murafen, kowane bidiyo ya zama ma'auni. Ba sai ka ce "takunka ya ƙaru" da ka ba, ƙirgawa za ka yi.

Wayar a kwance za ka ajiye ta, a gefe, tana kallon fagen kai tsaye, tsayinta daidai ƙugun yaro. Ja da baya kamar mita 5 ko 6 har sai ka ga yaran biyu daga ka zuwa tafin ƙafa, da ɗan fili a bayan kowa. Kada ka jawo hoto kusa, kada kuma ka riƙa bin su da hannu. Wayar da ke motsi ba ta auna komai. Ƙafa uku ta ɗora waya ana samun ta a Fam Santa a Kano, amma tamu kafinta ne ya haɗa da katako, muna ɗaure wayar da robar tayar keke. Inda ƙafafunta ke tsayawa ma na buga murafe, don gobe ta koma gurbinta.

Rana ta kasance a bayanka. Hantsi ya fi, ko bayan la'asar kafin haske ya ja. Ɗaukar silo, wato bidiyon da ke nuna motsi a hankali, tana cin haske ƙwarai. A cikin aji mai duhu takobin zai zama hayaƙi-hayaƙi, a ƙarƙashin wasu fitilun lantarki kuma hoton ya riƙa ƙyaftawa. Bangon aji mai launi ɗaya ya fi bishiyoyi kyau a bayansu. Liƙa selotef mai haske a kusa da tsinin takobi, da gwiwar gaba, da idon sawu, da kafaɗa. Da zafi, rufe wayar da kwali tsakanin ɗauka da ɗauka, in ba haka ba ta yi zafi ta kashe kyamara. Da hunturu kuwa, goge gilashin kyamarar kafin kowace ɗauka.

Yanzu lissafin da ya sa silo ya zama dole. Bidiyo na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a daƙiƙa. A wasan efe, idan mutum biyu suka soki juna, na'ura tana ba su maki duka biyun ne kawai idan tazarar sukan ba ta wuce wajen kashi 1 cikin 25 na daƙiƙa ba. Ka ga a hoto 30, wannan tazarar da kaɗan ta ɗara hoto guda, ba abin da za ka gani. A hoto 120 ta zama kusan hoto 5, a 240 kusan 10. Duba saitin kyamararka. Wasu wayoyin Tecno da Infinix suna da 120, wasu har 240. In 60 ce iyakarta, yi aiki da ita, ta isa duba ƙafa ko da ba ta isa duba tsini ba.

Abin da za ka nema a ciki

A dogon taku, hannu ke fara miƙewa, tsini ya nufi wurin suka, sannan yatsun ƙafar gaba su ɗaga, ƙafar baya ta tura, dunduniyar gaba ta fara sauka. Idan ya sauka, gwiwar gaba tana bisa idon sawu, tafin ƙafar baya yana shimfiɗe a ƙasa, gangar jiki ba ta kife ba. Tsayar da bidiyon daidai hoton da yatsun gaba suka bar ƙasa, ka dubi gwiwar hannu. In har a lanƙwashe take, ka kama ɓarawon. A foyil da sabar, sauran nau'o'in takobin guda biyu, wannan kuskuren maki yake ci, domin alƙali yana duba wanda ya fara kai hari yadda ya kamata ne. A efe kuma wanda ya kawo jiki kafin tsini ya miƙa wa abokin karawa damtsensa kyauta.

Abu na biyu, kuma shi na fi jin daɗin kamawa, shi ne sanarwa. Kusan kowane sabon ɗan wasa yana da abin da yake yi kafin ya kai hari ba tare da ya sani ba. Wani ya ja hannu baya kaɗan, wani ya sauke kafaɗa, wani ya matso da ƙafar baya, akwai ma mai buɗe yatsun hannun hagu. Wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ya san 'yan damben kirki kafaɗa da ƙafa suke karantawa tun hannu bai taso ba. Koma baya hoto goma ko ashirin kafin harin, za ka gan ta. Lokaci-lokaci kuma ka ɗauka daga gaba, don ta nan ne kawai ake ganin gwiwar da ke faɗawa ciki, wadda ita ke jawo ciwon gwiwa nan gaba.

Yadda ake nuna wa yaro ya fi yadda ake ɗauka muhimmanci. Bidiyon kada ya wuce daƙiƙa 10. Kira shi shi kaɗai, ko da abokinsa guda da ya yarda da shi. Ya gani yadda yake, sannan a silo. Kai kuma ka yi shiru tukuna, ka ce, "Me ka gani?" Sau da yawa kafin ka rufe baki zai ce, "Malam, ƙafata ce ta riga." Gani ya kori ji. Gyara ɗaya tak za ka ba shi ko da ka hango biyar, ka mayar da shi fage nan take ya maimaita, ka sake ɗauka, ka nuna masa wanda ya yi daidai. Gyaran da aka bari sai gobe ya huce. Kuma kada ka tara aji a kan kuskuren mutum ɗaya. Yaranmu suna da kunya. Wanda aka yi wa dariya a gaban 'yan'uwansa jibi ba za ka gan shi a fili ba, sai ka ji an ce an aike shi gona.

Kada kuma waya ta zama jiki. Idan bayan kowane taku yaro ya rugo ya leƙa, zai daina sauraron jikinsa, ranar gasa kuma babu mai nuna masa. Ni nakan yawaita ɗauka a farkon koyon sabon abu, sannan in riƙa ragewa. Daga baya kafin in nuna sai in ce ya fara faɗa mini yadda ya ji takun, mu duba ko jikinsa ya yi gaskiya.

Idan akwai laftof a makaranta, sa manhajar Kinovea, kyauta ce, a kan Windows take aiki. Da ita za ka ja layi tsakanin murafe biyu ka ce mata rabin mita ne, ta auna maka tsawon taku. Za ka auna kusurwar gwiwa, ka jera bidiyo biyu gefe da gefe, ka sa ta bi selotef ɗin tsini ta zana hanyar da ya bi. Ka tuna ka gaya mata hoto nawa aka ɗauka a daƙiƙa, in ba haka ba lokacin da za ta ba ka ƙarya ne. Da kebul za ka kwashe bidiyon, domin WhatsApp yana matse shi ya lalata. Wannan zanen hanyar tsini shi ne ƙanin abin da Yuki Ota, ɗan Japan da ya ci azurfa a Beijin a 2008, ya haɗa kai da masana suka ƙirƙiro, inda kyamarori ke bin tsinin takobi suna zana shi da haske a allo don 'yan kallo. Nasu na manyan gasa ne. Namu yana nuna wa yaro cewa da'irar da yake yi ta kauce wa takobin abokin karawa ta yi girman faifai alhali ta kwabo ake so.

Yanke bidiyo don horar da ido

Wannan shi ne aikin da na fi ba wa lokaci. Tun shekarun 1980 wani masani ɗan Ostireliya, Bruce Abernethy, ya yi bincike a kan 'yan badminton, yana nuna musu fim ana yanke shi kafin a bugi ƙwallo. Ƙwararru suna gane inda za ta tun daga motsin hannu, sababbi kuwa sai sun ga ta tashi. Ido ma ana koya masa.

Ga yadda muke yi. Ɗora waya daidai tsayin idon yaro, kai kuma ka sa hula ka tsaya gabanta a tazarar da abokin karawa zai tsaya. Ka yi abubuwa uku, kowanne sau da dama: hari kai tsaye, barazana sannan ka sauya gefe, da matsowa kawai ba hari. Canza sauri, canza lokacin jira. Sa manyan ɗalibai ma su yi, har da bahago in kana da shi, don kada yara su haddace jikinka kai kaɗai. Sannan ka yanka kowane bidiyo gida uku: wanda ya kusa ƙarewa, wanda ya tsaya a tsakiya, da wanda ya tsaya da zarar motsi ya fara. Manhajar gyaran bidiyo ta waya ta isa.

Allon waya ya yi ƙanƙanta da wannan. Mai gidan kallon ƙwallo na garinmu yakan bar mana wurin da rana kafin a fara wasa, mu sayi man janareta. Majigi a bango ya fi talabijin, domin za ka ja shi har mutumin ciki ya kai tsayin mutum. Yaro ya tsaya tsayuwar shiri da takobin roba. Da hoto ya yanke, jikinsa ne zai amsa: ya kare, ya ja baya, ko ya tare da suka. Kada ka yarda da amsar baki, mai faɗa daidai daban, mai yi daidai daban. Nan take ka saki cikakken bidiyon ya ga ko ya canka. Fara da masu sauƙi, ka cuɗa su yadda ba zai san na gaba ba.

A gidan kallon ne kuma muke duba manya. Hukumar wasan ta duniya, FIE, wadda aka kafa a Faris a 1913, tana saka gasanninta a YouTube. Nakan sauke su idan na shiga Dutse inda sabis ya fi ƙarfi. Na fi nuna musu 'yan Afirka: Alaaeldin Abouelkassem na Masar, wanda azurfarsa a Landan a 2012 ita ce lambar Olamfik ta farko da nahiyar ta samu a wasan, da Inès Boubakri ta Tunisiya mai tagulla a 2016, da Mohamed El-Sayed da Farès Ferjani da suka ci lambobi a Faris a 2024. Nakan gaya musu a Legas aka yi gasar Afirka ta 2025, don su san abin bai yi nisa ba. Dabara ɗaya: rufe rabin allon na sama da kwali, a kalli ƙafafu kaɗai. In ba haka ba takobi kawai za su bi da ido, alhali a tazara ake cin wasan. Wani lokaci in tsayar kafin alƙali ya yanke hukunci, su yanke nasu, a yi ta musu. Alƙalan ma tun Olamfik na 2008 suna komawa ga bidiyo.

Gilashin duniyar kwamfuta

Iri biyu ne. Akwai akwatin kwali ko roba da ake zura waya a ciki, irin Google Cardboard da ya fito a 2014. Juyawar kai kawai yake bi, bai san ka matsa gaba ko baya ba, kuma sai wayar tana da na'urar gane juyi, wadda yawancin masu araha ba su da ita. A zaune ake amfani da shi, don kallo. Yaron da ya yi taku da shi a fuska jiri zai kwashe shi.

Na biyu irin Meta Quest ne, mai kyamarori a jikinsa, yana bin kai da hannu duk inda suka yi. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Abuja yakan zo da nasa hutu ya ba mu aro. Abin da ya fi majigi da shi zurfi ne: tsini yana tahowa fuskarka kamar gaske. Ga yaron da ke runtse ido ko ya kau da kai duk lokacin da aka kawo suka, wannan magani ne, domin zai ga ɗari ba wadda ta taɓa shi. Yana taimakon wanda ya ji ciwo a ƙafa ya ci gaba da horar da ido, yana kuma cike gurbi ranar da damina ta hana fili.

Iyakarsa ke nan. Abin da ake riƙewa a hannu bai da nauyi ko tsawon takobi, efe kuwa tana iya kaiwa giram 770 da tsawon santimita 110. Idan takubba suka haɗu, 'yar girgiza kawai za ka ji, babu turjiya, alhali rabin wasan a yatsu yake, a jin ƙarfen abokin karawa yana danna naka ko yana saki. Tsinin efe sai an danna shi da nauyin da ya wuce giram 750 yake ba da maki, na foyil 500; a gilashi iska kake suka. Kamar daka ne a turmin da ba hatsi. Filin da aka saba shata masa mita 2 ne a kan 2, fagenmu kuwa 14, don haka taku ba ya sakewa. Yawancin wasannin takobin da ke ciki kuma na sara ne da wurgi da hannu, su ne ke rushe abin da ka yi wata kana ginawa. Zaɓi wanda abokin karawa ke tsayawa a layi yana kawo suka, ka kashe sauran.

In za ku yi amfani da shi, a cikin aji, an kwashe kujeru, babba na tsaye kusa da yaron. Minti 5 zuwa 10 ya isa, wanda ya ce kansa na juyawa a cire masa ba gardama. Da ya cire ya huta, ya ɗauki takobi na gaske ya yi abin da ya gani da abokinsa, in ba haka ba wasa kawai ya yi. Kamfanin Meta da kansa shekara 13 ya sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai amfani da shi, a 2023 ya sauko zuwa 10 bisa kulawar iyaye. Ni 'yan aji ɗaya ba na sa musu, don ba ya zama daidai a ƙaramar fuska. Hasken rana kada ya shiga gilasan ciki ko na ɗan lokaci, yana ƙona allon. Batirinsa wajen awa 2 yake yi, sai ka tanadi sola ko fawa banki. A goge inda ke taɓa fuska tsakanin yaro da yaro, lokacin afolo kuwa a mayar da shi jaka.

Saura maganar izini. Kafin ka ɗauki ɗan kowa, ka sanar da shugaban makaranta, ka je ka gaishe da mahaifinsa ka ce, "Baba, ga abin da muke yi," ka nuna masa a wayar. 'Yan mata kuwa malama ce ke ɗauka, a wayarta yake zama, ita ke nuna musu. Ba a sa ko ɗaya a Facebook ko TikTok, ba a tura wa kowa ta Xender. Silo yana cin wuri, minti ɗaya a hoto 240 na iya kaiwa kusan rabin giga, don haka a goge yawanci a ranar. Abin da nake ajiyewa a katin memori shi ne dogon taku guda da karawa guda na kowane yaro a wata, da kwanan wata a sunan fayil, an ɗauka daga gurbi ɗaya, a tsayi ɗaya, murafen suna fitowa. Idan gurbin waya ya sauya, na watan jiya da na yau ba sa kwatantuwa, sai dai a sake farawa.